Wai 1.g4 da 1.b4 da ire-irensu, akwai abin kirki a ciki ko tarko ne kawai?

Sadiq1400 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu buga ces (chess). Dan Allah ina da tambaya, kuma ina roƙon kar a ce min "je ka tambayi injin" (manhajar kwamfuta mai nazarin wasa), don na tambaye shi, lambobi kawai yake nuna min ba ya min bayanin komai.

Ni ban daɗe da fara wasan nan ba, tun lokacin da ɗan Najeriya Tunde Onakoya ya yi zaman awa 60 ɗin nan yana buga ces a New York a 2024 ne abin ya shiga raina, na sauke manhajar Lichess a waya, yanzu retin ɗina (makin ƙwarewa) na blitz, wato wasan sauri, yana yawo tsakanin 1300 da 1400. Abin da aka koya min shi ne ka kama tsakiyar allo, ka fito da dawakai da bishop, ka yi kasil (ka ɓoye sarki a gefe kusa da ruk), kar ka fito da sarauniya da wuri, kuma wlh ina bin wannan sau da ƙafa. To shekaranjiya da daddare na haɗu da wani, takunsa na farko g4. Na ce a raina wannan sabon shiga ne. Na buga d5, ya buga Bg2, na ga soja a banza a g4 na cinye da bishop, sai ya buga c4, na kare da c6, ya ci na ci, sai kawai ga sarauniyarsa a b3 tana kallon b7 da d5 lokaci guda, daga nan ban sake samun natsuwa ba har lokacina ya kusa ƙarewa na miƙa wuya. Na nemi mu sake, wannan karon ni ne fari, na buga d4 ina shirin buɗin London ɗina, ya ba ni e5. Taku takwas ya kashe ni da sarauniya a c1. Takwas fa. Abin ya tsaya min a rai sosai, saboda ni na bi ƙa'ida shi bai bi ba kuma shi ya ci duka biyun.

Tambayata ita ce, irin waɗannan buɗin (takun farkon wasa) da ba a cika gani ba, na gaske ne ko yaudara ce? In na gaske ne ni ma in ajiye London da Italiyan in kama ɗaya daga ciki mana, tunda gsky na fara gajiya da ganin allo iri ɗaya kullum. In kuma yaudara ce to ta yaya ake maganinsu? Na gode.

Malam_Idi_Ruk ya rubuta:

Wa alaikumus salam Sadiq. Da farko kwantar da hankalinka, duk wanda ya daɗe yana buga d4 sai da wannan tarkon na c1 ya taɓa kama shi ko ya kusa, ba kai kaɗai ba ne. Ina koya wa yara wasan nan a ƙarshen mako kuma kusan kowane wata sai wani ya zo min da wannan kukan.

Na biyun da aka yi maka sunansa Englund Gambit, sunan wani ɗan ƙasar Suwidin ne Fritz Englund. Bari in rubuta yadda na tabbata wasanku ya tafi: 1.d4 e5 2.dxe5 Nc6 3.Nf3 Qe7 4.Bf4 Qb4+ 5.Bd2 Qxb2 6.Bc3 Bb4 7.Qd2 Bxc3 8.Qxc3 Qc1 cekmet. Ko ba haka ba? Kuskuren naka ɗaya ne tak, taku na shida. Bc3 yana kama da dabara saboda ka kai wa sarauniya hari kuma ka kare ruk ɗinka, amma da ya sa bishop a b4 sai naka bishop ɗin ya ɗaure ba ya iya motsi tunda sarki na bayansa. Abin da za ka buga shi ne 6.Nc3. Shi ke nan. Doki ya fito, sarauniyarka ta ga ruk ɗin a1 tana kare shi, in ya zo da Bb4 ka buga Rb1 ka kore ta zuwa a3, sannan ka cilla doki d5 yana barazanar cin c7 da cek. Ka duba allon a wannan lokacin ka ƙirga, kai ka fito da 'ya'ya huɗu shi kuma sarauniyarsa ce take ta yawo a gefe, sarkinsa na tsakiya. Wanda ya san 6.Nc3 ya gama da Englund har abada, kuma dalilin da ba ka ganinsa a wasan manya ke nan.

Shi kuwa 1.g4 ana ce masa Grob, daga Henri Grob ɗan Suwizalan wanda ya buga shi a wasanni masu ɗimbin yawa ta hanyar wasiƙa, daga baya Michael Basman na Ingila ya ɗauka ya yi suna da shi. A cikin taku 20 da fari zai iya farawa da su, in ka sa injin Stockfish ya auna, g4 yana can ƙasa, tun kafin baƙi ya taɓa komai injin ya riga ya fi son baƙi. Dalili kuwa a fili yake, sojan g shi ne katangar sarki in za ka yi kasil a wannan gefen, ka tura shi gaba ba ya dawowa, f4 da h4 sun zama ramuka. Duk abin da mai Grob yake rayuwa a kai shi ne bishop ɗin g2 da ke leƙen b7. Don haka ni abin da nake gaya wa yarana, bayan 1.g4 d5 2.Bg2 kar ku yi saurin cin sojan, ku buga c6 tukuna ku toshe wa bishop ɗin hanya. Yanzu barazanar cin g4 ta zama ta gaske, dole ya ɓata taku ya kare da h3, ku kuma ku buga e5. Sojoji biyu a tsakiya, hanyoyi a buɗe, shi kuma bai san inda zai ɓoye sarkinsa ba. Cin sojan ma ba laifi ba ne in ka san ci gaban, amma a blitz kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ɗauki hanya mai sauƙi.

To amma ka kula, kar ka haɗa su duka a kwando ɗaya. Akwai buɗin da ba a cika bugawa ba saboda ba shi da kyau, akwai kuma wanda ba a cika bugawa ba saboda kawai ba a yayinsa. Gwajin da nake yi shi ne in tambayi kaina, idan abokin wasana ya san amsar da ta dace, me zai rage min a allo? A Englund abin da zai rage maka shi ne wahala. A 1.b3 ko 1.f4 ko 1.Nc3 abin da zai rage maka wasa ne daidai wa daida, ka rasa ɗan fifikon da fari ke da shi amma ba ka rasa wasan ba. Ka tuna buɗin Berlin, shekaru da yawa ana ganinsa tsohon yayi, sai Kramnik ya ɗauko shi a Landan a 2000 ya tare Kasparov da shi, Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba a karawar gaba ɗaya har kambun ya bar hannunsa. Yau kuma kowa Berlin.

Shawarata a matakinka kar ka ajiye Italiyan tukuna. Ba don ya fi komai ba, sai don a nan ne za ka koyi yadda 'ya'ya ke haɗa kai.

Baffa_b4 ya rubuta:

Malam Idi Allah ya ƙara basira, na yarda da kai kan Englund ɗari bisa ɗari amma kan shawarar ƙarshe ina da ja, ka yi min afuwa.

Ni shekara kusan shida ke nan 1.b4 nake bugawa da fari, a blitz da rapid har da gasar zaune, kuma ban taɓa nadama ba. Sadiq bari in ba ka labarin sunansa don yana da daɗi. A babbar gasar New York ta 1924, Tartakower ya je gidan zoo na Bronx a ranar hutu, ya ga wani biri orangutan mai suna Susan, washegari ya zo ya buga b4 a kan Maroczy, aka tashi kunnen doki. Tun daga nan ake ce masa Orangutan, an ce wai yadda sojan ke hawa b4 zuwa b5 ne ya tuna masa da hawan biri a bishiya. Wasu kuma suna ce masa Sokolsky saboda Alexey Sokolsky na Tarayyar Sobiyet shi ne ya zauna ya yi masa nazari na gaske. Ka ga ke nan ba wasan yara ba ne, manya sun sa hannu.

Abin da ya sa nake sonsa ba tarko ba ne, tsari ne. Bishop na zuwa b2 ya riƙe dogon layin nan har g7, sojan b ya ci fili a ɓangaren sarauniya, kuma dokin baƙi ba ya jin daɗin zama a c6. Sau nawa a matakin 1400 zuwa 1700 ana min 1.b4 e5 2.Bb2 Nc6, sai in tura b5 kawai, doki ya tashi, sojan e5 ya zama nawa. Wanda ya sani kuma zai buga 2...Bxb4 3.Bxe5 Nf6, wannan shi ne babban layi, na ba da sojan gefe na karɓi na tsakiya, shi kuma ya riga ni fito da 'ya'ya. Wasa ne a buɗe, kowa da abin da ya riƙe, babu wanda ya cuci wani. Bambancin kawai shi ne ni na zauna a wannan allon sau dubbai, shi kuwa wataƙila wannan ne karonsa na uku, ni ina bugawa da hannu shi yana ƙona lokaci yana tunani tun taku na huɗu. Ni ma'aikaci ne ina da iyali, ba ni da lokacin haddace taku ashirin na buɗin Sisiliyan, to me zai sa in shiga gonar da wani ya fi ni sanin kunyoyinta?

Kuma wanda yake ganin dole sai an bi ƙa'ida ya je ya kalli wasan Karpov da Tony Miles a Skara ta Suwidin a 1980, gasar ƙungiyoyin ƙasashen Turai. Karpov na riƙe da kambun duniya a lokacin, ya buga e4, Miles ya amsa da a6, sannan b5. Kuma Miles ya ci wasan! Zakaran duniya fa, da fari. In a6 ya isa ya kayar da Karpov to b4 ya isa ya kayar da duk wanda za ka haɗu da shi a waya da daddare.

Hauwa_Nf3 ta rubuta:

Yaya Baffa wannan wasan na Miles kullum shi ake kawowa, kuma ni ina ganin ana yi masa gurguwar fahimta. Ka buɗe wasan ka bi shi taku bayan taku. Bayan a6 da b5 me Miles ya yi? Bb7, Nf6, e6, c5, ya fito da komai, ya kai wa tsakiya hari kamar kowane wasa na hankali. Ba a taku na goma ya ci ba, sai da aka kai taku 46, a ƙarshen wasa, bayan sa'o'i ana fafatawa. Kuma Miles ɗin nan ba ɗan koyo ba ne, ya ci gasar matasa ta duniya a 1974, ya zama girandmasta a 1976. Wato a6 bai ci masa wasa ba, abin da a6 ya yi shi ne ya fitar da Karpov daga abin da ya shirya a gida, sauran aikin Miles ne ya yi da kansa. In ni ko Sadiq muka buga a6 za mu samu rabin farko ne kawai, rabin na biyu sai mun koya.

Ban ce kar a buga ba fa, ni kaina 1.b3 nake bugawa yanzu, kusan ɗan'uwan naka ne sai dai sojan bai yi nisa da gida ba balle a yi ta kai masa hari. Bent Larsen na Denmak ne ya yi suna da shi, Fischer ma ya ɗauka a 1970 ya ci wasanni da shi. Amma wasan da na fi koyon darasi a ciki shi ne wanda Larsen ɗin ya sha kashi, a Belgared a 1970, karawar Tarayyar Sobiyet da sauran duniya, shi da Spassky a allo na ɗaya. Taku 17 kacal. Dan Allah Sadiq ka nemo shi ka kalla a hankali. Larsen ya yi ta motsa doki ɗaya, ya tura f4, g3, h3, sarkinsa na tsakiya, dokin b1 da ruk ɗin a1 har aka tashi ba su motsa ba. Spassky kuwa ya fito da komai ya yi kasil ta dogon gefe, ya turo sojan h, ya bar doki a ci, sannan a taku na 14 ya ajiye ruk a h1 kyauta don kawai sojansa na g ya samu taku ɗaya ya wuce. Duk lokacin da na kalli Rh1 ɗin nan sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin da ya fi kowa sanin b3 a duniya ke nan, ranar da ya manta da fito da 'ya'yansa buɗin bai cece shi ba. Ƙa'idar da aka koya maka tana nan daram ko da wane taku ka fara.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba. Kafin b3 na yi kusan shekara ina buga buɗin Stafford da baƙi, saboda bidiyoyin Eric Rosen a YouTube, kuma a intanet yana ci sosai ba ƙarya. 1.e4 e5 2.Nf3 Nf6 3.Nxe5 Nc6 4.Nxc6 dxc6 5.d3 Bc5, in mutum ya buga 6.Bg5 sai ka ci e4 da doki ka bar masa sarauniya, ya ci, Bxf2 cek, Ke2, Bg4 an gama. Daɗi kamar me. Retin ɗina ya hau da sauri. Sai na fara zuwa inda muke haɗuwa ran Asabar, mu ba mu fi goma sha biyar ba, kowa ya san kowa. Makon farko na kama mutum uku. Mako na biyu duk sun je sun duba, kowa ya dawo da 6.Be2, sannan c3, sannan d4, bishop ɗina na c5 ya koma baya, ni kuma ina zaune da ƙarancin soja ɗaya babu hari babu komai, kuma abin da ya fi damuna shi ne na gane ban san yadda ake buga irin wannan allon ba sam, shekara guda ina maimaita taku goma iri ɗaya ban koyi tsakiyar wasa ba. Sai da na koma baya na fara daga tushe. A intanet kullum baƙo kake samu shi ya sa tarko ke aiki, a gari kuwa mutanen nan dai su ne za ka sake gani.

Abba_Bullet ya rubuta:

To ni tambayata, in dai ƙa'ida dole ce me ya sa Carlsen da Nakamura suke buga Ke2 a taku na biyu? Na gani da idona a bidiyo, su biyun duka suka fito da sarki. Kuma ni a bullet, wato wasa mafi sauri, ina buga 2.Qh5 ina cin mutane da yawa wlh, ban ga laifinsa ba.

Malam_Idi_Ruk ya rubuta:

Abba wancan wasan na Maris 2021 ne, gasar intanet, zagayen ƙarshe na share fage kuma dukansu sun riga sun haye mataki na gaba, sakamakon ba zai canza musu komai ba. 1.e4 e5 2.Ke2 Ke7, suka yi ta kai sarki suna dawowa har allo ya maimaitu sau uku aka tashi kunnen doki a taku shida, suna ta dariya. Raha ce tsakaninsu. Sunan abin Bongcloud, kuma illarsa a bayyane take, ka rasa damar kasil, ka toshe wa bishop da sarauniyarka hanya, sarki na tsakar titi. Gaskiya ne Nakamura ya taɓa cin manyan 'yan wasa da shi a wasan sauri, amma wannan yana nuna maka ƙarfin Nakamura ne a wasan sauri.

Qh5 kuwa ya fi Ke2 nesa ba kusa ba, shi ba ya kashe ka, taku kawai yake ɓata maka. Baƙi ya buga Nc6 ya kare e5, ka zo da Bc4, ya buga g6, ka koma f3, ya buga Nf6, shi ke nan barazana ta ƙare kuma sarauniyarka ta zauna a gurbin da dokinka ke so. Nakamura ɗin ma ya gwada shi a wasan zaune a kan Sasikiran na Indiya a 2005 kuma bai ci ba, shi aka ci. A bullet komai na iya aiki ƙanena tunda agogo ne rabin wasan, amma Sadiq yana tambaya ne kan yadda zai ƙware.

Baffa, na karanta naka kuma ban ƙi ba. b4 yana cikin waɗanda na ce in an san amsa wasa ne zai rage ba wahala ba. Inda muka bambanta shi ne lokaci. Kai ka zo b4 bayan ka riga ka san wasa, shi kuwa yanzu yake ginawa.

Baffa_b4 ya rubuta:

Haka ne Malam, na yi shekaru ina e4 kafin in koma. Kuma Hauwa kin yi gaskiya kan Miles, na karɓa. Amma bari in ƙara abu ɗaya don kar a tafi da cewa neman ba-zata aikin masu rauni ne. Spassky ɗin da kika yaba, a karawar kambun duniya ta 1966 da Petrosian, sau biyu ya jera sojojinsa a layi na shida ya sa bishop biyu a b7 da g7 dawakai a d7 da e7, abin da ake kira Hippo wato dorina, ya kwanta a ruwa yana jira, kuma duka biyun kunnen doki aka yi. Ding Liren ma a Astana a 2023, wasa na biyu da Nepomniachtchi, ya buga h3 a taku na huɗu don kawai ya fitar da shi daga shiri. Wannan karon bai yi aiki ba an ci shi a wasan, amma a ƙarshe shi ya ɗauki kambun. Manya ma suna neman hanyar da ba a bi ba, sai dai su suna zaɓen wadda in an gano ta ba za su mutu ba.

Sadiq in kana son ɗanɗano ba tare da ka rushe gininka ba, ware wasa biyu cikin goma ka gwada b3 ko b4, sauran takwas ka ci gaba da abin da ka saba. Amma in za ka gwada 1.f4 to ka fara sanin martanin da ake kira From, wato 1.f4 e5 2.fxe5 d6 3.exd6 Bxd6, a nan dole ka buga Nf3 ka tsare h4, in ka yi sakaci ka buga wani abu kamar Nc3 sai Qh4 cek, g3, ya ci g3 da sarauniya, ka ci, bishop ya ci g3 an kashe ka a taku shida. Na ga an yi wa mutane wannan a gabana.

Sadiq1400 ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Idi wlh kamar kana tsaye a bayana, haka wasan ya tafi taku bayan taku. Anti Hauwa na kalli wasan Larsen da Spassky sau uku jiya, sai a na ukun na gane dalilin Rh1, so yake ruk ɗin fari ya bar g1 don soja ya taka g2 da hari, abin ya burge ni matuƙa. Na yanke shawarar zan riƙe Italiyan, London ɗin ne zan ɗan rage in riƙa gwada b3 jefi-jefi kamar yadda Yaya Baffa ya ce, Stafford kuwa da har na fara kallon bidiyonsa amma na fasa.

Yau da safe wani ya sake min Englund, na buga 6.Nc3 kamar yadda aka ce ina murna, sai bai zo da bishop ba, ya buga Nb4 da doki. Na rikice na buga Rb1, ya ci c2 da cek, na duba sarkina ba shi da gurbi ko ɗaya dole na ci da sarauniya ya cinye ta. Malam a nan me ya kamata in yi?

Malam_Idi_Ruk ya rubuta:

Laifina ne da ban kawo maka wannan reshen ba. In ya buga 6...Nb4 to c2 yake nema, 'ya'yansa biyu na kallon wurin kai kuma sarauniya kaɗai ke karewa, don haka kafin komai ƙara mai gadi: 7.Nd4. Yanzu in ya ci c2 da cek doki ne zai ci ba sarauniya ba. Yawanci zai turo c5 don ya kori dokin, a nan ne Rb1 ɗinka ke aiki, sarauniyarsa ba ta da wurin zuwa sai a3, sai ka ɗauke dokin d4 ka sa a b5, ya hare ta kuma yana leƙen c7 lokaci guda. Za ta gudu a5 don ta tsare c7, to lura da bishop ɗinka na d2, yana layi ɗaya da ita. Tura a3 ka kori dokinsa daga b4, da ya tashi ka cilla dokin c3 zuwa d5, bishop ya buɗe a kanta. Jera shi a allo na katako ka buga ɓangarorin biyu da hannunka sau biyar ko shida kafin ka koma waya, in ka haɗu da wani reshen kuma ka turo min wasan gaba ɗaya mu duba ran Asabar.